Ciyayyar Ƙofar Gidanmu

Ranar da aka hana kakana gishiri ni aka fi cuta, don ni ce mai tukunyar dare a gidanmu. Inna tana fita suyar awara bakin hanya tun la'asar, Baba kuwa da an gama girbi yake ɗaukar jakarsa ya tafi Kano cin rani, sai hadari ya fara haɗuwa muke ganinsa. Saboda haka da na dawo daga lakwal na ajiye littattafai, ni da murhu ne har Magariba. Ba yabon kai ba, a lokacin idan na kaɗa miyar kuka, kajin maƙwabta ma katanga suke haurowa su ji abin da ake ciki.

Da jiri abin ya fara. Kaka ya je garkarsa ta rake a hanyar Dungu, ya sunkuya zai ɗaure dami, sai ya ga ƙasa ta koma sama. Wani mai moto ya kawo shi gida. Inna ta ce in raka shi gidan likita tunda ni ce mai jin faransanci, ko da yake faransancin nawa bai wuce na neman izinin fita fitsari ba. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya naɗa masa abin awo a damtse, ya matsa, ya duba, ya kwance, ya sake naɗawa. Sai ya cire tabarau ya ƙura wa Kaka ido.

"Baba, da wannan tansiyon ka zo nan da ƙafarka?"

"A'a, da moto na zo."

Majo bai yi dariya ba. Ya ce jinin Kaka ya hau fiye da kima, kuma ciwon ba mai warkewa ba ne, sai dai a koyi zama da shi kamar yadda ake zama da maƙwabci mai faɗa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a sha kullum, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo. "Amma ƙwaya rabin aiki ce," in ji shi. "Sauran rabin yana cikin tukunya. Wa ke yi masa girki?"

Na ɗaga hannu kamar a aji.

Sai ya shiga jero mini. Gishiri a rage shi har ya kusa ɓacewa. Kanwa da dunƙulen miya a bar su. Kitse a bar shi. Goro da shayi mai kauri a yi musu sallama. A riƙa tafiya da safe kafin rana ta yi zafi. A ci ganye da yawa, zogale da rama da kabeji, tunda Allah ya hore mana garake a Matameye. Zoɓo kuma a sha shi ba sukari.

Kaka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita, iska fa? Ita ma a rage shaƙa?"

A hanyar gida ya ce mini, "Amarya, kin ji dai. An ba ki izinin kashe mijinki ki ci gado." Tun ina goye yake kirana amarya, ni kuma ina ce masa ango, irin wasan jika da kaka.

Na ce, "Wane gado? Buta da carbi? Kwantar da hankalinka, ango, ba ka tara abin da za a kashe ka dominsa ba."

Ya yi dariya har da tari. Mu biyun babu wanda ya tuna da abin da ke jiranmu a ƙofar gida.

Tun kafin a haife ni, dattawan lungunmu a ƙofar gidanmu suke cin abincin dare. Da an sallame Magariba sai a shimfiɗa babbar tabarma ƙarƙashin dogon yaro, kowane gida ya fito da kwanonsa. Akwai Kaka, akwai ladanin masallacinmu, akwai wani tsohon tela mai ƙaramar murya, sai babban amininsa, wani Alhaji tsohon mahauci, wanda idan ya yi dariya a Matameye ake amsawa a Kance. Ba a buɗe kwanuka gaba ɗaya. Ɗaya ake buɗewa, kowa ya sa hannu, a ture shi, a jawo na gaba. Abin da ake kira ciyayya ke nan, kuma tana da dokar da ba wanda ya taɓa faɗa da baki: ba ka janye hannu daga kwanon wani. Wanda ya ci na gidan ladan ya tsallake na gidan tela, ya yi magana ke nan, ko dai ya raina gidan, ko yana zargin an sa masa wani abu. An ce wani ya taɓa yin haka a da, gidajen biyu ba su sake gaisawa ba sai a wurin jana'iza.

Ni duk na san wannan ne don ina da wani gurbi a bayan ƙyauren zaure inda nake laɓewa ina jin hirarsu. A nan na koyi rabin abin da na sani a duniya, har da wanda bai kamata in sani ba.

Daren farko na yi miya biyu, tamu da ta Kaka. Tasa kuwa, Allah ya gani, ruwan zafi ne mai launin kore. Na ɗanɗana na ji harshena yana tambayata laifin da ya yi mini. Inna ta ce a fitar da ita, tunda tasa ce. Ƙanena ya kai, ni kuma na ruga gurbina.

Mahauci ne ya fara kai loma. Ya tauna, ya tsaya, ya dubi sama, sannan ya juyo ga Kaka.

"Alhaji, rasuwa aka yi a gidanka ba a faɗa mana ba?"

"Likita ne ya hana ni gishiri."

"To mu me muka yi wa likitan?"

Tela ya ce a hankali, "Ai ba laifi, tana da... ɗumi."

Suka ci don doka, kowa loma biyu kamar masu haɗiyar maɗaci, aka ture. Kwanon ya dawo mana kusan yadda ya fita. Na zuba wa akuya, ta sunsuna ta dube ni, ta koma cin kwali. Kashegari a bakin famfo wata mata ta tambayi Inna ko gishiri ya yi tsada ne a kawo mata gudummawa. Inna ta dawo ko tulun ba ta cika ba.

A nan ne muka yi dabarar da muka ɗauka ta masu hankali ce. Inna ta ce, kwanon waje mutuncin gida ne, a fitar da mai gishiri. Shi kuma Kaka ya ci nasa marar gishiri a ɗaki kafin ya fita, idan ya ƙoshi ba zai ci na waje da yawa ba.

Kaka ya karɓi shawarar hannu bibbiyu, amma da tasa fahimtar. A wurinsa tuwon marar gishiri magani ne, kamar jiƙo ko sassaƙe. Abu ne marar daɗi da ake daurewa a haɗiye, ya shiga ciki ya yi shimfiɗa, ya tare duk gishirin da zai biyo baya. Sai ya zauna ya cinye shi tas yana yamutsa fuska, ya kora da zoɓo mai tsami, ya yi hamdala, ya fita ya ci kwanuka huɗu da zuciya ɗaya. Idan na yi magana sai ya ce, "Ke amarya, ba a gabanki na sha maganina ba?"

Gaskiya mu ma ba mu ga aibun abin sosai ba. A gidanmu magani abu ne da ake ƙarawa. Ba mu taɓa jin maganin da ake yi da ragewa ba. Don haka muka yi ta ƙari. Ina dafa masa zogale, ina daka masa tafarnuwa har ƙudan gidanmu suka yi hijira. Baba yana turo saƙon murya ta salula daga Kano, kowane mako da sabon abu: wani abokinsa mai shayi ya ce ganyen gwaiba, wani direba ya ce ɓawon lemo, wani ya ce a jiƙa kuɓewa ta kwana. Duk muka yi. Ɗakin Kaka ya cika da kwalabe har ana rasa wurin shimfiɗa buzun salla. Ƙwayoyin likita kuwa suka koma cikin aljihun wata tsohuwar riga, sai ranar da kai ya sara ake tunawa da su.

Da muka koma awo, Majo ya duba abin awonsa ya girgiza shi kamar yana zargin ya lalace. Ya tambayi Kaka ko yana bin doka. Kaka ya rantse ba ya fashin tuwon marar gishiri, kuma gaskiya ya faɗa. Majo ya juyo gare ni. Ni kuwa ba a tambayata abu in yi rowa. Na ba shi labarin kwanuka huɗu, har da kwaikwayon yadda mahauci yake turo masa tsokar da ta fi kitse.

Majo ya dafe kai. Ya ce, "Baba, wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ba ƙarin ƙwarya yake bukata ba. Ba abin da kake sha ne zai cece ka ba, abin da ka bari ne." Ya ce idan aka ci gaba a haka, wata rana jijiya za ta fashe a kai, kuma wanda ya mutu nan take shi ne ya yi sa'a.

Inna ta kira Baba, Baba ya kira Kaka. Ban ji abin da ɗa ya faɗa wa ubansa ba, na dai ga Kaka ya miƙo salular ba tare da ya yi sallama ba. Daga ranar ya daina fita ciyayya.

Watannin da suka biyo baya su ne jikinsa ya fi lafiya. Na karɓi ƙwayoyin na riƙe, ina ba shi da hannuna. Na zubar da rabin kwalaben. Da safe muna fita tare, ya raka ni har kusa da lakwal ya juyo, yana tafe yana jan carbi. Na kuma koyi girkin da gaske. Na gano idan aka soya albasa har ta yi ja, aka sa daddawa da yawa da citta da tafarnuwa, aka ɗan tsamama da yakuwa ko tsamiya, harshe yana mantawa da abin da ya rasa. Kumburin ƙafarsa ya saɓe. Jirin ya tafi. Majo har ya ce in na gama karatu in zo ya ɗauke ni aiki.

Amma da Magariba ta yi sai gidan ya zama wani iri. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Kaka da tabarmar. Yana zaune da kwanonsa shi kaɗai, yana jin ƙarar murfi, yana jin mahauci ya fara labarin da shi Kaka ne kullum yake ƙarasa shi. Wani lokaci sai in ga leɓensa yana motsi, yana ba da amsa a ciki. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, ya manta ma yadda ake yi. Sai ya ci gefensa kawai, ya bar sauran tuwon a tsaye kamar akwai masu zuwa.

Nakan zauna in tsokane shi. "Ango, ga amarya a gabanka kana tunanin waɗansu tsofaffi marasa haƙora?"

Da can sai ya rama har in rasa ta cewa. Yanzu sai ya ce, "Haka ne," ya ture kwanon.

Wata ranar bayan La'asar mahauci ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, abin da bai saba ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya leƙa.

"Ina mai jegon? An ce ana dafa miki naki daban. Me aka samu, mace ko namiji?"

Kaka ya yi murmushi, na farko a kwanaki.

"Alhaji, tashi ka fito," in ji mahauci, ya sassauta murya. "Ni da kai mun binne mutum nawa? Wanne ne gishiri ya kashe? Kwana ne idan ya ƙare ya ƙare. Tela yana tambaya ko wani abu aka yi maka. Matata tana cewa ko girkinta ne ka gaji da shi. Ni na gaji da ba da amsa."

A daren Kaka ya fita. Inna ta tare shi a zaure, ta durƙusa, ta ce, "Baba, don Allah." Ya ce zama kawai zai yi, zai riƙa taɓa kowane kwano don fita hakki. Kuma ya gwada, ina gurbina na gani. Yana gutsurar ɗan tuwo ya dangwali gefen miya. Amma mahauci ya lalubo tsoka ya turo gabansa da yatsa, irin karramawar da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya. Kaka ya dubi naman. Ya ɗauka.

Inna ta ga ba za a iya hana shi fita ba, sai ta ce bari a bi ta wajen mata. Tunda miyata marar gishiri, wadda yanzu ita muke fitarwa, ta gyaru har tela yana neman ƙari, idan sauran gidajen suka rage gishiri kaɗan, shi ke nan. Ta zuba awara a kwano muka tafi gidan mahauci, don Hajiyarsa ce mai nauyin hannu. Miyarta idan ta huce har farin gishiri take yi a baki kamar tafkin da ya ƙafe. Inna ta yi gaisuwa mai tsawo, ta zagaya, ta zagaya, sannan ta sauka a kan maganar kamar mai taka ƙwai.

Hajiya ta ajiye muciya.

"Wato ni ce nake kashe shi."

"Wallahi Hajiya ba haka..."

"Tun ba a kawo ki gidansa ba yake cin tuwona. Bai mutu ba sai yanzu da jikarsa ta shiga lakwal? Ku ce ya daina sa hannu a kwanona mana, ai ba dole."

Kwana biyu kwanon gidan mahauci bai fito ba, shi ma mahaucin bai zo ba. Sai da ladan ya shiga tsakani. Ranar da kwanon ya dawo, Kaka ya jawo shi gabansa da kansa, ya ci kamar wanda ya kwana bakwai da yunwa, yana ci yana yabawa da ƙarfi don yaron da ya kawo ya kai labari. Ya suɗe har gefe. Haka ya riƙa yi kullum daga ranar, don a wanke abin da muka ɓata. Ya kuma karɓe ƙwayoyinsa daga hannuna, ya ce shi ba yaro ba ne.

Cikin bazara abin ya zo. Ranar babu lakwal, ina tankaɗe a inuwa, shi kuma yana alwalar Azahar a bakin rariya. Na ji buta ta faɗi. Na ɗaga kai na ga ya karkata bakinsa gefe guda, ido ɗaya a lumshe, yana kallona. Haka yake yi mini tun ina ƙarama idan yana kwaikwayon fuskata lokacin kuka. Na fashe da dariya.

"Ango, wannan fuskar ko a kasuwa ba mai saye."

Bai gyara ba. Ruwan butar yana ta bulbula a kan ƙafarsa bai janye ta ba. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Sai ya tafi a hankali ta ɓangaren dama, kamar buhun da aka jingina ba daidai ba.

Ban san na iya ihu irin wannan ba. Mahauci ne ya fara shigowa, ba hula. Shi ya ɗauke shi kamar yaro. Daga likitarmu aka wuce da shi Damagaram, Baba ya baro Kano ya same su can, shi da Inna. Ni aka bar ni da gida da ƙanena. Kowace Magariba ina fitar da kwano, don ba wanda ya ce in daina.

Bai mutu ba. Sun dawo da shi bayan makonni, a kwance a bayan mota, ya zama rabin mutum. Ƙafar dama da hannun dama sun zama kaya, baki ya ja gefe. Gidajen lungu suka yi ta aiko da abincin dubiya, farfesu da dambu da naman kai, kowanne gishiri kamar an yi gasa. Na Hajiya ya fi na kowa yawa. Mu muka cinye, har na yi kumatun da ban taɓa yi ba, mutane suna cewa jinya ta karɓe ni.

Majo ya zo har gida ya nuna mana abin yi. A riƙa juya shi. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓin ana miƙewa, safe da yamma, ko yana so ko ba ya so. Baba ya kafa gora a jikin katanga daga ɗaki zuwa zaure don ya riƙa dafawa. Ni aka ba hannun. Ina murza shi da man kaɗe daga kafaɗa zuwa yatsu, ina buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina sa masa goruba a tafi in ce ya matsa. Hannun yana da sanyi da nauyi kamar ba na mai rai ba.

Ƙafar ce ta fara dawowa. Kafin gero ya yi kai yana bin gorar yana jan ta. Magana ma ta dawo, mai nauyi, kamar bakinsa cike da tuwo. Kalmar farko da na gane sarai zagina ya yi, don na ce gemunsa ya karkace shi ma. Na yi murna har na yi rawa a tsakar gida.

Amma shi ba ƙafa ko baki ne suka dame shi ba. Hannun yake so. Duk abin da aka ce yana taimako yana yi ba gardama. Ya bar goro, ya sha ƙwaya, ya ci miyata ba ƙorafi. Gorubar ba ta barin tafinsa, har ta yi sulɓi. Abinci kuwa sai an saki labule, da cokali a hannun hagu, kuma ni kaɗai ya yarda in gani. Idan ya gama sai ya ce in bar masa ragowar tuwon. Ya ɗauko hannun dama da na hagu ya ɗora a kai, ya yi ta ƙoƙarin yanko loma. Gumi yana keto masa. Yatsun suka fara kamawa. Suka fara dunƙulawa. Amma hannun yana tasowa zuwa ƙirji sai ya tsaya yana rawa, lomar ta faɗi.

"Saura kaɗan, ango," nake cewa. "Ko kuma mu sauko da bakin zuwa ƙirji, ya fi sauƙi."

"Ja'ira," yake cewa. "Sake ɗora mini."

Bayan girbi, da Baba ya koma Kano, wata ranar ya kai loma baki sau biyu a jere. Ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa. Inna ta ce ya ƙara haƙuri, ya yi kamar bai ji ba. Da aka sallame Magariba ya ɗauki sanda ya bi gora har zaure, ya fita. Na shige gurbina.

Suka yi ta murna. Mahauci ya miƙe tsaye yana kabbara, ladan ya gyara masa wurinsa na da, suka zaunar da shi. Aka buɗe kwanonmu da farko don girmamawa. Aka yi bisimilla. Kaka ya kamo hannun dama da na hagu ya ɗora a bakin kwano. Kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Ya yanko, ya dangwala, ya fara ɗagowa. Hannun ya zo ƙirji ya kama rawa. Lomar ta suɓuce ta gangara a kan aikin rigar, ta bar layin miya, ta faɗa cikin kwanon da kowa ke ci.



Tela ne ya ce, "Alhaji, ci da hagun mana. Lalura ce."

Ladan ya ce, "Ƙwarai. Addini bai ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Ba wanda zai ga laifinka a nan."

Mahauci ya matso kusa da shi. Ya yanko loma da hannunsa, ya dangwala, ya miƙo ta wajen bakin Kaka. 

Kaka ya dubi lomar, ya kau da kai. Ya ce, a hankali don kalmomin su fita daidai, "Ban taɓa sa hagu a kwanon mutane ba. Ba a kuma ba ni a baki a ƙofar gidana. Ku ci. Na ƙoshi."

Ya ja jiki baya ya sauka daga tabarmar, ya jingina da dakali. Suka ci sauran kwanukan shiru, da sauri, kamar ɓarayi.

Ya ci gaba da fita kullum bayan ya ci nasa a ɗaki, yana zama a dakalin. Amma dattawan sun kasa. Ba a cin abinci mutum yana zaune a baya yana kallo, ba kuma a yi masa tayi kullum yana cewa ya ƙoshi. Hira ta mutu. Tela ya fara cewa cikinsa ba daɗi. Ana nan sai mahauci ya ce ƙafarsa tana ciwo, ba ya iya takowa, ko za a riƙa zama a ƙofarsa na ɗan lokaci. Gidansa kuwa ko jifa aka yi daga namu sai ya wuce shi. Kowa ya gane, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe. Kunyarsa suka ji, sai suka ɗauke tabarmar. Suna biyowa su gaishe shi bayan La'asar, ɗaya-ɗaya, a tsaye.

Washegarin ranar da aka ɗauke tabarmar, na zo da safe da man kaɗe kamar kullum. Na tarar da gorubar a ƙasa bakin ƙofa. Na ɗauka na miƙa masa, bai karɓa ba. Na kai hannu zan kamo nasa, sai ya jawo shi da na hagu ya tura cikin riga.

"Ango, kawo mana. Yau har waƙa zan yi masa."

"Bar shi, amarya."

"Majo ya ce idan aka daina zai ƙage."

"Ya ƙage."

Na zauna da man a tafina har ya narke ya bi yatsuna. Ya tambaya ko akwai zoɓo. Na kawo masa, ya karɓa da hagu ya shanye, ya haɗiye ƙwayarsa, ya ce in sakar masa labule in tafi lakwal kada in makara.